Ra'ayinmu: Wa Ya Sa wa Birnin Roma Wuta?

 

Kowace shekara idan hunturu ya shigo, ciyawa ta bushe, iska ta fara kaɗawa, labarin gobara yakan yawaita a ƙasarmu. Yau a ji kasuwa ta kama, gobe rumbunan hatsi, jibi gidan wani bawan Allah. Tun hayaƙi bai lafa ba sai tambaya ta tashi a bakin jama'a: wa ya sa wutar nan? Ga waɗanda suke da yawa a gari, wannan tambaya hira ce ta bakin titi. Ga 'yan tsiraru irinmu kuwa, amsar da aka bayar cikin fushi tana iya zama sanadin rasa gida, ko shago, ko rai. Saboda haka muka ga ya dace a wannan fitowa mu duba gobarar da ta fi kowace suna a tarihin ikkilisiya, wato gobarar birnin Roma a zamanin Kaisar Nero.

Da yawa daga cikinmu sun ji labarin tun a makarantar Lahadi: wai Nero ne ya sa wa birninsa wuta, ya hau bene yana kaɗa goge yana kallo, daga baya ya ɗora wa Kirista laifin. Wani sashe na wannan labari yana da shaida mai ƙarfi, wani sashe kuwa ji-ta-ji-ta ce da ta tsufa har ta yi kama da tarihi. Amfanin da za mu samu yana cikin rarrabe su.

Yadda wutar ta ci birnin

Wutar ta tashi a daren 18 ga Yuli, wayewar 19, a shekara ta 64 bayan haihuwar Almasihu. A lokacin Roma ce babban birnin daular da ke mulkin Yahudiya da Masar da Girka, mutanenta kuma sun kai wajen miliyan ɗaya. Ta fara ne daga shagunan da ke jikin babban filin tseren karusai da ake kira Sarkus Maksimus, inda 'yan kasuwa suka tara kaya masu saurin kama wuta. Ana iska a daren. Lungunan birnin matsattsu ne, karkatattu, talakawa kuma suna zaune a gidajen haya masu hawa da yawa, da katako a samansu, bango ya jingina da bango. Duk wanda ya taɓa shiga tsakiyar tsohuwar kasuwa a ƙasar nan ya san abin da wuta za ta yi a irin wannan wuri.

Roma tana da 'yan kwana-kwana. Kaisar Agustas, wanda a zamaninsa aka haifi Ubangijinmu, shi ya kafa su a shekara ta 6, ƙungiya bakwai, kowace tana lura da unguwa biyu. Amma kayan aikinsu bokiti ne da gatari da ƙugiya da famfon hannu, wutar kuwa ta fi ƙarfinsu. Ta yi kwana shida tana ci, sai da aka rurrushe gidaje masu yawa aka yi fili a gabanta, kamar yadda manomi ke share kewayen rumbu, sannan ta tsaya. Mutane na cewa an huta, sai ta sake tashi a wani gefen, ta ƙara kwana uku. Cikin unguwanni 14 na birnin, 3 sun ƙone ƙurmus, 7 sun zama kangaye, 4 kaɗai suka tsira. Dubban iyalai suka kwana a fili ba su da komai.

Abin da shaidu suka faɗa game da Nero

Mutum uku ne suka bar mana labarin a rubuce, babu kuwa ko ɗaya a cikinsu da ya rubuta a lokacin da abin ya faru. Tasitus yana yaro ɗan shekara takwas ko kusa da haka aka yi gobarar, ya rubuta tarihinsa bayan shekara hamsin. Suwetoniyus ya rubuta jim kaɗan bayansa. Kasiyus Diyo kuwa sai bayan fiye da shekara 150. Na biyun da na ukun sun ce kai tsaye Nero ne ya sa a kunna wutar. Tasitus, wanda ya fi su bin diddigi, wanda kuma ba ya ƙaunar Nero ko kaɗan, ya ce maganar ta rabu biyu, wasu sun ce tsautsayi ne, wasu sun ce makircin sarki ne, shi kuma bai yanke hukunci ba.

Akwai dalilan da suka sa jama'a suka zarge shi. Nero ya hau gadon sarauta a shekara ta 54 yana ɗan shekara 16. A shekara ta 59 ya sa aka kashe mahaifiyarsa Agirifina, a shekara ta 62 kuma matarsa Oktabiya. Wanda ya iya wannan, me zai gagare shi? Kura ko ba ita ta ɗauki akuya ba, ita za a fara dubawa. Bayan haka, wuta ta biyu ta tashi ne daga filin Tijelinus, shugaban dogaran sarki kuma na hannun damansa. An kuma ga wasu mutane suna jefa bakin wuta cikin gidaje suna hana a kashe, suna cewa umarni aka ba su, ko da yake Tasitus ya ce mai yiwuwa ɓarayi ne masu neman sararin wawaso. Abin da ya fi ɓata masa suna shi ne, a kan filin da wuta ta share ya gina wa kansa ƙasaitacciyar fada da aka kira Gidan Zinariya, da lambuna, da tafki, da gunkin kansa mai tsawon fiye da mita 30. Mutumin da gidansa ya ƙone, ya wayi gari ya ga sarki na haƙa tafki a unguwarsu, ba sai an gaya masa wanda zai zarga ba.

Amma akwai ɗaya gefen. Daren da wutar ta tashi Nero ba ya gari, yana Antiyum, wani gari a bakin teku mai nisan fiye da kilomita 50. Wutar ta cinye fadarsa da kayan ƙawa da ya tara a ciki. Da ya dawo, ya buɗe filayen gwamnati da lambunansa ga waɗanda suka rasa muhalli, ya sa aka kafa musu rumfuna, ya sa aka kawo abinci daga tashar jiragen ruwa ta Ostiya, ya kuma karya farashin hatsi. Gobara kuma ba baƙuwa ba ce a Roma. An yi manya a shekara ta 27 da ta 36 a zamanin Tibariyas, an sake yin wata ta kwana uku a shekara ta 80, bayan Nero ya daɗe a kabari. Don haka yawancin masana tarihi na yau suka karkata ga cewa tsautsayi ne, irin wanda ke samun cunkusasshen birni a lokacin zafi da iska.

Maganar kiɗa fa? Tasitus ya kawo ta a matsayin ji-ta-ji-ta, cewa Nero ya hau dandalin wasa na cikin gidansa yana rera waƙar faɗuwar wani tsohon birni. Suwetoniyus ya ce a kan wata hasumiya ya tsaya. Diyo ya ce a kan rufin fada ne. Shaidu uku, wuri uku dabam. A gaban alƙali mai adalci irin wannan shaida ba ta tsayawa, kuma mun tuna yadda bakin masu shaidar zur ya ƙi zuwa ɗaya a daren da aka yi wa Ubangijinmu shari'a. Goge kuwa, babu irinsa a Roma a wancan zamani, sai bayan ɗaruruwan shekaru ya isa Turai. Abin da Nero ya iya kaɗawa ya fi kama da garaya.

Laifin da ya tabbata a kansa

Laifin Nero na ainihi ya zo ne bayan wuta ta mutu. Ya raba agaji, ya sa aka yi hadayu ga gumakan birnin, duk da haka bakin mutane bai daina ambaton sunansa ba. Bisa ga Tasitus, don ya kashe maganar sai ya nemo waɗanda zai shafa wa kashin kaji, ya zaɓi waɗanda jama'a ke kira Kirista.

Bari mu dubi dalilin da ya sa su ne suka fi sauƙin kamawa. Su kaɗan ne. A gidaje suke taruwa, kamar yadda muke gani a gaisuwar da Manzo Bulus ya jera a Romawa sura 16. Da yawansu baƙi ne, da bayi, da 'yantattun bayi. Ba sa zuwa bukukuwan gumaka, saboda haka maƙwabta suna yi musu kallon masu ƙin jama'a. Gwamnati kuma ta riga ta saba korar baƙi idan hankali ya tashi, gama Kaisar Kalaudiyas ya taɓa korar Yahudawa daga Roma, abin da ya kai Akila da matarsa Bilkisu Koranti, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 18 ta nuna. A taƙaice, mutane ne da ba a san su sosai ba, ba su kuma da wanda zai tsaya musu a fada.

An fara kama waɗanda suka amsa cewa su masu bi ne, daga bakinsu aka samu sunayen wasu, har adadin ya yi yawa ƙwarai. Tasitus ya nuna cewa hukuncin da aka yanke musu bai dogara ga tabbacin sa wuta ba, ya fi dogara ga zargin cewa su maƙiyan 'yan Adam ne. An rufe wasu da fatun namun jeji aka sakar musu karnuka, an gicciye wasu, an kuma cinna wa wasu wuta da dare don su haskaka lambun sarki. Nero da kansa ya shiga cikin 'yan kallo da shigar matuƙin karusa. Bisa ga abin da ikkilisiya ta riƙe tun farko, a zamanin wannan sarki ne aka kashe Bitrus da Bulus a Roma.

Shi Tasitus arne ne, ya raina bangaskiyarmu, ya kira ta mugun camfi. Duk da haka shi ne ya rubuta cewa abin ya yi muni har jama'a suka fara jin tausayin waɗanda ake kashewa, domin sun gane ana hallaka su ne don ƙosar da muguntar mutum ɗaya. A wannan wuri ne kuma ya ambaci cewa an kashe Almasihu a hannun Buntus Bilatus a zamanin Tibariyas, shaidar da ta fito daga bakin wanda ba ya tare da mu.

Dabarar ba ta cece shi ba. Kuɗin sake gina birni da na Gidan Zinariya ya sa ya tsananta haraji a larduna. A shekara ta 65 aka gano makircin kashe shi, a shekara ta 68 sojoji suka juya masa baya, majalisar dattawa ta ce shi maƙiyin ƙasa ne, ya gudu ya kashe kansa a watan Yuni yana da shekara 30. Sarakunan da suka biyo baya suka cike tafkinsa suka gina babban filin wasa a kai. Ikkilisiyar da ya so ya kawar kuwa ta ci gaba da taruwa.

Me ya sa muke wanke mugu daga laifi ɗaya?

Mun san wani dattijo zai tambaya: mutumin da ya ƙone kakanninmu na bangaskiya, ina ruwanmu da ko shi ya sa wutar ko ba shi ba? Amsarmu ita ce, doka ta tara cikin Dokoki Goma, wadda ta hana shaidar zur, ba ta ware mugu ta ce shi a yi masa ba. Ƙari ga haka, hanyar da aka bi aka zargi Nero ita ce hanyar da aka bi aka kashe masu bi. Jama'a suka ce, mugu ne, saboda haka shi ne. Nero ya ce, waɗannan ba a son su, saboda haka su ne. A duka biyun, ƙiyayya ce ta zauna a kujerar shaida. Idan muka yarda da wannan hanya ranar da ta faɗa kan wanda muke ƙi, ba mu da bakin kuka ranar da ta juyo kanmu.

Ta kuwa sha juyowa, a kan mutane iri-iri. A shekara ta 303 wuta ta kama fadar Kaisar Diyokiletiyan a Nikomidiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, aka ce Kirista ne, aka kashe masu bi da ke aiki a fadar. A watan Satumba na 1666 wuta ta tashi daga gidan wani mai gasa burodi a Landan, ta cinye gidaje fiye da 13,000 da majami'u fiye da 80. Mutanen gari, waɗanda yawancinsu Furotesta ne, suka far wa baƙi a titi. Aka rataye wani Bafaranshe mai gyaran agogo da ya amsa laifin, daga baya ta bayyana cewa bai ma sauka a ƙasar ba sai bayan wutar ta kama. A 1681 aka sassaƙa rubutu a jikin hasumiyar tunawa da gobarar ana ɗora wa 'yan Katolika laifi, ba a kankare shi gaba ɗaya ba sai 1830. Waɗanda suka yi wannan masu zuwa sujada ne, sun kuma san labarin Nero sarai. Sunan Kirista kaɗai ba ya tsare mutum daga wannan zunubi.

Mu dawo gida

A ƙasarmu ma mun ga manyan gobara. Babbar kasuwar Jos ta ƙone a watan Fabrairu na 2002, 'yan watanni bayan rikicin Satumba na 2001, aka yi ta zarge-zarge, alhali 'yan kasuwar da suka yi asara Musulmi ne da Kirista, wurin kuma ya yi fiye da shekara ashirin yana kango. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a watan Maris na 2016. Babbar kasuwar Sakkwato ta kama a watan Janairu na 2021, ta Katsina kuma a watan Maris na shekarar. Duk lokacin da hukuma ta kafa kwamitin bincike ta kuma ƙi bayyana wa jama'a sakamakonsa, ta bar fili ne ga masu ƙirƙirar amsa.

Wutar baki kuwa ta fi ta kasuwa sauri, musamman yanzu da kowa ke da waya a aljihu. A ranar 12 ga Mayu, 2022, taron jama'a ya kashe wata ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, bisa zargin ɓatanci a wani saƙon WhatsApp, ba tare da an kai ta gaban alƙali ba. Majalisar Mai Alfarma Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan. Bayan kwana biyu aka yi zanga-zanga, aka farfasa tagogi a babban cocin Katolika na Holy Family, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa dokar hana fita. A wannan rana ce labari ya bazu a wayoyi cewa an kai hari gidan Bishop Matthew Hassan Kukah, har sai da ofishinsa ya fito ya ƙaryata. Ku yi tunanin abin da wannan ƙarya za ta iya jawowa a garuruwan da Hausawa Musulmi suke 'yan tsiraru, da ba a yi saurin kashe ta ba.

A watan Yuni na 2023 aka kashe wani mahauci Musulmi a Sakkwato bisa irin wannan zargi. A watan Maris na 2025 kuma, a garin Uromi na Jihar Edo, aka tare mafarauta 'yan Arewa da ke hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don yin Sallah, aka ga bindigogin farauta a wurinsu, aka ce masu satar mutane ne, taron jama'a ya kashe 16 daga cikinsu ya cinna musu wuta. Su ma baƙi ne, ba a san su ba, ba su da mai tsaya musu. Wanda ya yi kuka saboda masu bi na Roma, ya yi kuka saboda ɗalibar Sakkwato, dole ya yi kuka saboda waɗannan, gama zunubin ɗaya ne.

Abin da muke roƙon ikkilisiyoyinmu

Na farko, mu tsare bakinmu da wayoyinmu. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, Yakubu kuma a sura ta 3 ta wasiƙarsa ya kwatanta harshe da wuta. Kubawar Shari'a 19:15 ta hana a kama mutum da laifi a bakin shaida ɗaya. Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta mai da wannan ƙa'idar dandalin WhatsApp na ikkilisiyarta: labarin hari, ko gobara, ko sata, kada a tura shi gaba sai an san wanda ya gani da idonsa, da gari, da rana. A naɗa dattijo ɗaya ko biyu da za a riƙa kira a tabbatar. Masu wa'azi kuma su guji ambaton sunan ƙabila ko addini a matsayin mai laifi. Mun san wahalar da 'yan bindiga suka jawo wa jama'ar yankin nan, mu da maƙwabtanmu baki ɗaya. Amma makiyayin da ke kawo mana nono da wanda ya tare hanya da bindiga ba mutum ɗaya ba ne don kawai harshensu ɗaya.

Na biyu, mu yi maganin wuta tun ba ta tashi ba. Ko Nero, da muguntarsa, ya kafa dokoki masu kyau bayan gobarar: a faɗaɗa tituna, a rage tsayin gine-gine, kowane gida ya yi nasa bango, a yi amfani da dutsen da ba ya kama wuta, kowane mai gida ya ajiye kayan kashe gobara a tsakar gida. Mu dubi namu. Jarkar fetur da ake ajiyewa kusa da janareta a bayan majami'a, wayoyin lantarki da wani yaro ya haɗa da leda, kaskon wuta da ake kwana da shi a ɗaki lokacin sanyi, kara da zana da aka jingine a jikin ɗakin girki, da yara masu cinna wa daji wuta don farautar gafiya, waɗannan ne ke ƙone mu a yawancin lokaci. A watan Nuwamba na 2021 yara fiye da 20 suka mutu a Maraɗi lokacin da wuta ta kama azuzuwan da aka yi da zana. Ikkilisiyoyinmu da yawa suna koyar da yara a irin wannan rumfa. A ajiye bokitin yashi da ruwa, a sayi tukunyar kashe gobara inda hali ya yi, kada kuma a kulle ƙofa ta biyu lokacin sujada. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na uku, mu zama sanannu a garuruwanmu. Masu bi na Roma sun faɗa tarko da sauƙi domin maƙwabtansu ba su san su ba sai ta bakin wasu. Idan wuta ta kama shagon maƙwabci, bari a ga matasanmu cikin masu ɗibar ruwa na farko. Idan an yi asara, dattawa su je jaje, zumuntar mata ta kai ɗan abin da ya samu. Fasto ya san ƙofar hakimi, da mai unguwa, da liman, da shugaban 'yan sanda tun ana zaman lafiya, ya je gaisuwar Sallah da ta rasuwa. Ranar da wani zai tashi ya ce mu ne, mutumin da zai ce ƙarya ne, na san su, shi ne wanda muka yi shekaru muna gaisawa da shi. Irin waɗannan mutane suna nan. A watan Yuni na 2018, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Jihar Filato ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su.

Na huɗu, tsare baki ba ya nufin haɗiye zalunci. Wasu za su ce, mu ake ƙonewa, mu kuma ake cewa mu yi hankali. Muna jin zafin wannan magana. Amma ku tuna Bulus. Da aka so a yi masa bulala ba bisa doka ba, ya faɗi haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma. Da ya ga ba za a yi masa adalci ba, ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 25 ta nuna, Kaisar ɗin kuwa Nero ne. Sashe na 38 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin addini da na yin sujada. Idan an cuce mu, mu rubuta abin da ya faru da rana da sunayen shaidu, mu kai wa hukuma ta hannun shugabanninmu, mu kuma ci gaba da bibiya har a ba mu amsa. Ƙarar ɗan tsiraru ba ta da wani ƙarfi sai gaskiyarta. Ƙari ɗaya da aka kama a bakinmu ya isa a yi watsi da gaskiya goma da muka faɗa.

Ga masu mulki kuma, daga shugaban ƙaramar hukuma har zuwa gwamna, muna cewa cikin ladabi: idan masifa ta auku, a bincika, a faɗa wa jama'a abin da aka gano, a hukunta mai laifi da sunansa, ko shi wane ne. Shugaban da ya bar jama'a suka huce fushinsu a kan marasa ƙarfi don kansa ya tsira, ya bi sawun Nero, tarihi kuma ya nuna inda sawun ya ƙare.

Muna roƙon dattawa su karanta wannan tare da jama'arsu a taron addu'a na mako, su haɗa da 1 Bitrus sura 4, wasiƙar da aka rubuta wa masu bi da ke shan tsanani, inda manzon ya bambanta shan wuya saboda sunan Almasihu da shan wuya saboda laifin da mutum ya jawo wa kansa.

Ubangiji ya tsare gidajenmu da kasuwanninmu da na maƙwabtanmu daga gobara, ya tsare harsunanmu daga shaidar zur, ya ba shugabanninmu zuciyar adalci, ya kuma ba Jihar Sakkwato da Nijeriya zaman lafiya. Amin.